Mahaucin da Na Gani ta Bayan Gilashi

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Maradun ba, ranar da na tsaya gaban malamai da iyayen yara da mahaifina, na karɓi abin magana da hannu biyu, na yi wa kaina abin da ko maƙiyi sai ya yi shawara kafin ya yi mini. Amma sai na ɗan koma baya, don kunyar nan ta yi sama da shekara talatin tana zaune tana jirana.

Ni ɗan rundawa ne, wato mahauta, haifaffen Talata Mafara. Baba ya gaji wuƙa daga babansa, kuma duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san zaman da gari yake yi da mu. Kowa na son tsire, kowa na son kilishi, ranar suna mu ake fara nema, amma in an zo lissafin manyan gari ba a kaiwa kanmu. A makaranta in faɗa ya haɗa ka da yaro, abin da zai fara jefa maka shi ne kana ƙarnin jini. Baba bai taɓa cewa komai a kan wannan ba. Mutum ne mai shiru. Sai dai in an yi irin maganar a kusa da shi, za ka ga ya ƙara sunkuyar da kai kan abin da yake yankawa, ni kuma abin yana ci mini rai.

A lokacin talabijin ba abin kowa ba ne. Ba a ba mu jiha ba tukuna, gidan talabijin ɗin yana can babban birni, kuma sai da yamma yake buɗewa. In ka kunna da rana ba abin da za ka gani sai yayyafi. Daga baya ne aka ƙaro safiyar Asabar saboda yara, tunda ba boko. A buɗe da karatun Alƙur'ani, sai wata mata (Anti ake ce wa irinsu, kowace ce) ta zauna a tabarma yara sun kewaye ta, a yi tatsuniya, a yi kacici-kacici, wani lokaci a kawo 'yan wata firamare su yi rawa a takure. Daga nan sai wasan 'yan tsana, irin waɗanda mutum yake ɓuya bayan allo ya zura hannu cikinsu yana motsa su. Duk baƙi da fari. Katun ɗin Turawa sai can baya suka shigo, da suka shigo kuwa ba su bar wa kowa wuri ba.

A duk unguwarmu ba mai akwatin talabijin. Inda suke shi ne kwatas ɗin ma'aikatan madatsar ruwa, kowane gida da eriya a kan doguwar sanda. Akwai wani injiniya da ke sayen nama wurin Baba duk Asabar, ni kuma, ina ɗan shekara tara ko goma, ni ake ɗora wa tire in kai. In na miƙa naman ta ƙofar baya, sai in zagaya gefen gida inda tagar falo take. Tagar gilashi ce, a rufe ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma na'urar bayanta yana waje, daidai kunnena, tana ruri tana ɗiga mini ruwa a ƙafa. Ina ganin akwatin, ina ganin ƙeyar yaran gidan suna dariya. Amma ko kalma ɗaya ban taɓa ji ba.

Matar gidan ba ta da laifi. Sau biyu tana kama ni a wurin, ta ce in shigo in zauna. Na dubi jirwayen jini a rigata, na hango kafet ɗinsu, na ce ai sauri nake yi. (Saurin nan a tsaye na yi shi, awa guda da rabi.)

A cikin 'yan tsanan akwai ɗaya da ya tafi da ni. Ƙato ne mai tumbi da gashin baki, da hula a karkace, da wuƙar katako a hannu, da tiren nama a gabansa. Ranar da na fara ganinsa sai da na kusa yar da nawa tiren. Mahauci ne, ba shakka, a cikin talabijin ɗin gwamnati. Kowane mako tafiyar wasan kusan ɗaya ce. Zai fito yana rangaji, yaran da ke zaune su fara kaɗa hannu a gaban fuskarsu. Ya ɗaga wuƙa yana surutu. Can sai wata 'yar tsana mace cikin fararen kaya ta shigo, su yi ta magana, ta yi rubutu a wani littafi, ta ɗauke tiren gaba ɗaya ta fita da shi. Yara su tashi suna tafi suna waƙa, shi kuma ya dafe kai da hannu biyu.

To, ido ya gani, kunne bai ji ba, sai kai ya cike gurbin. Kaɗa hannun nan, na ce yaji ne, tsiren mutumin yana da zafi har yara suna fifita baki. Mai fararen kaya malamar asibiti ce, ta san nama mai kyau, shi ya sa take saye duka ba ta ragewa kowa. Rubutun, sunansa take ɗauka za a kai wa gwamna. Dafe kan kuwa murna ce, kaya sun ƙare tun hantsi. Har suna na raɗa masa, Na-Runji, tunda runji muke ce wa inda ake yanka da sayar da nama.

In na dawo gida, bayan la'asar, yaran unguwa su taru a zaurenmu in yi musu talabijin. Ni ne Anti, ni ne yara, ni ne Na-Runji da babbar murya. Na sa masa maganganu iri-iri a baki: yadda ake gane saniya mai lafiya tun tana tsaye, yadda barunje ba ya tauye awo, yadda gari ba ya biki sai da shi. Ban gaya wa kowa cewa ba na jin sauti ba. Wa zai bar sarautar da ya samu a sama?

Abin da ban lura da shi da wuri ba, Baba ya koma wasa wuƙaƙensa a bakin zaure daidai wannan lokacin, shi da a runji ya saba yi. Wata rana bayan yara sun watse ya kira ni, bai ɗago ba, ya ce, "Wanga mutum da kaka hwaɗi, da gaske gwamnati ka nuna shi?"

Na ce da gaske.

"Kuma tahi suka yi mai?"

Na ce duk mako, har da waƙa.

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Amma ranar Talata da na je kasuwa na ji shi yana ba abokan sana'arsa labari, shi da ba ya haɗa jimla uku a jere. Daga ranar, duk wanda ya yi wa rundawa baƙar magana, amsar Baba ɗaya ce: ko gwamnati ta san darajarmu, a tambayi ɗana. Ya yi shekara da shekaru yana faɗin haka, kuma ina ganin yadda yake ɗaga kai in ya faɗa. Na ji daɗin wannan fiye da duk wata kyauta da na taɓa samu a makaranta.

Shirin bai daɗe ba. Bayan kamar shekara biyu aka daina shi, injiniyan ma aka yi masa canjin wurin aiki. Zamani ya yi ta juyawa: bidiyo mai kaset ya zo, aka samu akwati mai kala, aka kafa tauraron ɗan'adam a kan rufi, safiyar Asabar ta zama ta ɓeraye da kuliyoyi masu bin juna da guduma. Yanzu ma yaro ba ya jiran Asabar, wayar uwarsa yake jira ta ajiye. Ni kuma na yi karatu, na zama malamin firamare a Bakura, na kuma zama irin mutumin nan da ba a so a zauna kusa da shi a ɗakin malamai, don da an ambaci yaran zamani zan gyara zama in fara: mu a lokacinmu akwai shirye-shirye masu tarbiyya. Sannu a hankali na manta da tagar, na manta da rurin na'ura. In na tuna Na-Runji, da muryarsa nake tuna shi, kuma wallahi ban ɗauka ƙarya nake yi ba. A kwaleji wani ɗan ajinmu ya taɓa cewa ya san wani ɗan tsana mai tire amma kamar ba haka sunansa yake ba. Na tambaye shi sau nawa ya kalla, ya ce sau biyu, na ce to ya yi shiru manya na magana.

Bara sai abokina Malam Hadi, wanda ke da wata 'yar makaranta mai zaman kanta a Maradun, ya kira ni. Za su yi bikin ba da kyaututtuka. Ya gano cewa tsohon da ke wasan 'yan tsanan nan, Malam Isa, yana raye, ya yi ritaya ya koma noma a wajen Faru, har yana da kaset ɗaya da ya adana, an kuma samu an juye shi. Za a karrama tsohon, a nuna wa yara. Tunda kuwa ni na ishe su da zancen, ni zan yi jawabi kan tarihin shirye-shiryen yara na safiyar Asabar. Ya ce ko zai turo mini in kalla kafin ranar? Na yi dariya. Na ce Hadi, abin da na haddace tun kafin ka iya ɗaura wando?

Da na gaya wa Baba, cewa ya yi da shi za a je. Ya tsufa, ya bar wa ƙannena runji, gwiwa ba ta barinsa zuwa ko'ina sai masallaci. Amma kwana uku ya yi yana tsaye a kan yara ana shanya kilishi, da hannunsa ya dama labu, haɗin gyaɗa da yajin da ake tsoma naman a ciki, ya zaɓi manyan falle, aka naɗe a takarda, aka ƙara naɗewa, aka ɗaure da zare. Ranar Asabar na taso daga Bakura na same shi a zaure tun da sassafe cikin babbar rigarsa ta Sallah, ƙunshin a kan cinya. Gaishe-gaishen da ya tsaya yi a hanya, yana sanar da kowa inda za shi, su suka sa muka isa an riga an fara. Ban samu ko minti ɗaya da Malam Isa ba. Na dai hango shi a kujerar gaba, ɗan siririn tsoho mai farin gemu da tabarau.

Jawabin ya fara lafiya, in faɗi gaskiya. Na yi bayanin lokacin da talabijin ke barci da rana, na kawo Anti da tabarmarta, na yi wa katun ɗin waje kaca-kaca, iyaye suna gyaɗa kai. Da na tsaya nan da na koma gida da mutuncina. Sai daɗi ya ɗebe ni. Na ce akwai wani gwarzo da tarihi bai yi wa adalci ba. Na ce a lokacin da ake raina masu sana'ar hannu, wannan bawan Allah da ke zaune ya ɗauki mahauci ya sa shi gaban duniya, yara suna yi masa tafi. Na kwaikwayi rangajin. Na yi babbar muryar, na kawo jawabin Na-Runji na saniya mai lafiya daga farko har ƙarshe (jawabin da, ka tuna, ni na rubuta shi a ka ina ɗan shekara goma). Na lura tsohon ya cire tabarau yana gogewa, ya mayar, ya sake cirewa. Na ce a raina ai dole, abin ya taɓa shi.

Sai na rufe da kiran Baba. Na ce ga wani barunje da wannan shiri ya ɗaga wa kai shekara talatin, ya zo da kansa ya yi godiya. Baba ya miƙe da sandarsa, ya taka a hankali, ya russuna wa mutumin da bai kai shi shekaru ba, ya miƙa masa ƙunshin da hannu biyu. Aka yi ta tafi. Malam Isa ya karɓa kamar wanda aka miƙa wa garwashi, ya buɗe baki zai yi magana, Malam Hadi kuma ya riga ya ce a ja labule a kunna majigi.

Ga Na-Runji nan a jikin bango, ya fi mutum girma. Tumbin nan, hular nan. Sai da ƙwalla ta zo mini. Sannan ya buɗe baki, karon farko a rayuwata na ji shi, wata 'yar siririyar murya ta hanci kamar ta ɗan akuya, yana cewa shi ba ya wanka sai Sallah.

Abin da na fara lura da shi ɗige-ɗigen nan ne da ke yawo a kan tiren, waɗanda ta bayan gilashi na ɗauka yayyafin talabijin ne. Ƙudaje ne, na auduga, an rataye su da zare. Yaran ba yaji suke fifitawa ba, wari suke kora. Sunansa kuwa, Anti ta faɗa da ƙarfi yara suka maimaita, Sarkin Ƙuda. Mai fararen kaya ta shigo, malamar tsafta ce, ta yi masa tas, ta rubuta shi, ta ce za a kai naman a binne. Yara suka tashi da tafi suna waƙa, amshin dai shi ne ƙazami ya rufe namansa. Shi kuma ya dafe kai yana kuka.

Minti goma sha biyu ne, in ji Malam Hadi. Ni dai na san na tsufa a cikinsu. 'Yan aji ɗaya da biyu, da ba su san abin da ke faruwa ba, suka kama amshin suna tafi. Manya kuwa ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Wata malama ta sunkuya tana ta neman wani abu a jakarta har aka gama. Ina tsaye a gefen allo, don ban samu zarafin komawa kujera ba, hasken majigi yana dukan rabin fuskata. Ba kunyar mutanen ce ta fi damuna ba. Baba nake tsoron kallo. Na ba mutumin nan abu guda da yake taƙama da shi, yau na tara jama'a na karɓe a gabansu.

Da aka buɗe labule, Malam Isa ya tashi, bai je wurin abin magana ba, ya zo gaban Baba ya durƙusa da ƙunshin a hannu. Ya ce a lokacin an yi ta fama da ciwon ciki a garuruwa, aka ce su yi wasa kan tsafta, shi kuma yana yaro bai yi tunanin akwai 'ya'yan rundawa a cikin masu kallo ba. Ya ce bai cancanci kyautar nan ba, Baba ya yi haƙuri ya karɓi abinsa.

Baba ya dube shi, ya dubi ƙunshin. Sai ya tura masa da bayan hannu, ya ce, "Tashi, Malam. Kai ma iyali su ci. A ruhe yake, ƙuda bai taɓa ba."

Nan ne dariyar ta ɓalle, har da tsohon, yana yi yana share ido. Ni ma na buɗe haƙora don kar a bar ni ni kaɗai.

Muka shiga mota, muka bar Maradun da nisa. Ina tuƙi ina haɗa ban-haƙuri a raina, in haɗa in rushe. Shi ya fara magana, yana kallon gonaki ta taga. Ya ce shi tun fitowar mutumin ya san ba barunje ba ne, ba wanda ya taɓa yanka ko kaza da zai riƙe wuƙa haka. Na ce haka ne, Baba. Muka ƙara tafiya. Sai ya juyo.

"Kai, duk shekarun ga, ba ka taɓa jin muryatai ba?"

Na ce ban taɓa ba. Na gaya masa komai, tagar, na'urar, rigar da ta hana ni shiga.

"To maganganun da kaka zowa da su, na saniya, na awo, wa ab ba ka su?"

Na ce ba kowa. Abin da nake gani yana yi a runji ne nake sa wa mutumin a baki.

Ya kawar da kai har na ɗauka fushi ne. Na rage gudu, don idona ya fara yi mini hazo. Sannan ya ce, a hankali, "Ashe ba gwamnati ba ta. Kai na." Ya gyara hularsa, ya mayar da ido kan hanya. "To, ya hi. Ita ba ta san ni ba."

Na yi kamar ina kauce wa rami, alhali wurin ba rami.

Kada ka ɗauka hakan ya sa na tsira. Kafin Talata ta zagayo Baba da kansa ya ba duk runji labari, da kwaikwayon rangajina, kuma har yau in na je sayen nama sai wani ya tambaye ni ko gwamna ya aiko da amsa. A ɗakin malamai na rage zancen lokacinmu, abokan aiki sun samu lafiya. In kuma aka gayyace ni in yabi wani abu a gaban jama'a, mutum ne ko shiri, sai na fara cewa a kunna mini in ji da kunnena, a kuma ƙaro sauti.